Ƙafa Takwas Cif

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta kawo min aiki. Kantoci ne na wani shagon magani da ofishinsu ya karɓi gyaransa. Shugabanta ya ce ta nemo kafinta, ta ce ai tana da shi a gida. Ɗaukar gwaji suka yi mata, sai ƙarshen watan nan za su ce ta zauna ko ta kama gabanta, kuma wannan ne aiki na farko da aka sakar mata ita kaɗai.

Ta shimfiɗa takardar zanen a kan bencin aikina, ta danne gefe ɗaya da guduma, tana bayani da bakin biro kamar ba ita ce ke wasa da garin katako a ƙarƙashin bencin nan ba. Na ce to Injiniya, ta ce Baba ka bari mana. Daɗi ya cika ni, ba zan ɓoye ba. Ta ce ba sai na je shagon ba, ta auna gurbin da kanta, babbar kantar tsakanin ginshiƙai biyu za ta zauna. Gilasan ƙofofin ma ta ba mai yankan gilashi awonsu. Kafin ta tafi ta tambaya ko akwai abin da ban gane ba, na ce me zai gagare ni a kanta.

Sai da ta fita na dubi lambobin da kyau. 2400. 600. 350. Ba ƙafa, ba inci. A can ƙasa an rubuta wai duk awon milimita ne.

Talata, 4 ga Maris

Ban taɓa katako ba yau. Takarda nake ta kallo kamar za ta yi magana.

Laraba, 5 ga Maris

Tun ina saurayi da inci nake aiki. Wanda ya koya min da inci ya koya min, masu sayar da katako da ƙafa suke magana, hannuna ma ya san inci takwas ko babu tef. Tef ɗina yana da gefe biyu, na sani, amma gefen ƙasa ban taɓa ba shi ido ba. Yau na ja shi na duba: 10, 20, 30, da ƙananan layuka cunkus kamar haƙoran mataji. Na ja har ƙarshe ban ga 2400 ba.

Na leƙa wurin mai walda, maƙwabcina, na ce wani ne ya tambaye ni. Ya kalle ni ta ƙasan tabaransa, ya san ko wane ne wanin, amma ya bar ni da mutuncina. Ya ce abu mai sauƙi: ka cire sifiri ɗaya na ƙarshe, ka raba da biyu da rabi, ka samu incinka. Haka yake yi a ƙofofin ƙarfe kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki.

Na dawo na lissafa a jikin guntun katako. 2400 ya zama 240, ya zama inci 96. Ƙafa takwas cif! 600 ƙafa biyu. 350 inci goma sha huɗu. Ko ɓurɓushi bai ragu ba. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe 'yan bokon nan awonmu suke ɗauka su sa masa sifirai don ya yi kwarjini.

Uwar yara ta ga ina ta rubuce-rubuce a katako, ta ce ba sai ka kira yarinyar ka tambaye ta ba. Na ce ita ta haife ni ko ni na haife ta. Ta ce Allah ya ba ka haƙuri, ta ɗauke kwanukanta.

Talata, 11 ga Maris

Aiki na tafiya. Na zaɓi katakon da ko ni ban yi wa ɗakina da irinsa ba. Bayana yana ciwo, ban damu ba.

Auta ta biyo da yamma, ta shafa jikin kantar ta ce kamar gilashi. Tef ɗinta na rataye a jakarta, na ga hannunta ya kai kusa da shi, sai ta fasa. Ta ce, ai aikin Baba ba a bin sa da awo. Na ji kaina ya ƙara girma.

Asabar, 15 ga Maris

An gama, an shafa mai. Jibi za a kai.

Litinin, 17 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun sauke kaya da safe. Mai shagon tana nan, mace ce dattijuwa mai fara'a, ga shugaban Auta, dogo, ba ya yawan magana, hannunsa a aljihu. Masu ɗaukar kaya suka ciccibi babbar kantar suka nufi gurbin. Gefe ɗaya ya shiga, ɗayan ya tokare ginshiƙi. Na ce su karkata. Suka karkata. Na ce su ɗaga ƙasa. Suka ɗaga, fenti ya ɗaye a jikin ginshiƙin. Abin da ya hana bai kai yatsu biyu ba, amma ginshiƙi ba ya matsawa don kana da furfura.

Na fara cewa magina ne, ginin zamani ba ya tsayuwa daidai. Shugaban ya karɓi tef a hannun Auta ya auna gurbin. Ya ce 2410, yadda ta rubuta, har da sararin da ta bari. Ya juya ya auna kantar. Ya ce 2438. Ana cikin haka mai gilashi ya gwada gilashi ɗaya a ƙofa, yana rawa a ciki, kowane gefe da rata.

Shugaban ya dubi Auta ya ce, wa ya ba da wannan awon?

Ni ne ya kamata in buɗe baki. Ina tsaye, guduma a hannuna. Sai na ji muryarta.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Na kira shi a waya na canza masa lambobin, ban duba da kyau ba."

Ba ta taɓa kira na a kan wani awo ba. Ko kallona ba ta yi ba da take faɗa. Shugaban ya ce ta same shi a ofis. Mai shagon ta ce ita dai ranar buɗe shagonta ba za ta ɗaga ba. Muka mayar da kantar mota, ni a baya tare da ita kamar mai rakiyar gawa.

Na bar 'yata ta ɗauki laifina a gaban mutane, ina ji ina gani. Na rubuta don in gan shi da idona.

Talata, 18 ga Maris

Auta ta dawo jiya ta gaishe ni kamar kullum, ta ce gyara ne kawai, a rage tsawon, a sake ƙofofin. Daga bakin uwarta na ji sauran: an cire ta daga zuwa wuraren aiki, an mayar da ita tebur, kuma maganar zamanta sai yadda hali ya yi.

Uwar yara ba ta ce ai na faɗa maka ba. Gara ma ta faɗa. Ta ajiye min abinci ta koma ɗaki, na ci loma biyu na rufe.

Alhamis, 20 ga Maris

Na je wurin mai walda da niyyar faɗa. Ya ce shi ƙarfe yake yi, in ya yi tsawo a goge, in ya gaza a cike. Ya ce dama biyu da rabin ba cif ba ne, akwai ɗan ƙari, amma wa ke kula da ɗan ƙari. Na ce me ya sa ba ka faɗa ba. Ya ce ai cewa ka yi wani ne ya tambaya. Na dawo.

Ɗan ƙarin nan a inci ɗaya ko ido ba ya ganinsa. Sau casa'in da shida na tara shi da hannuna.

Asabar, 22 ga Maris

Na koma shagon maganin in auna gurbin da kaina, na tarar da mai shagon tana jera kwalabe a kwali. Na zaci za ta sauke min kwandon faɗa, sai ta jawo min kujera. Ta ga ina juya tef ina laluben gefen ƙasa, ina motsa baki. Wataƙila ta gane, don ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗauko ƙaramin kofin shan magani ta nuna min layukansa. Ta ce wannan mililita ne, kuma mili ɗin da ke nan shi ne mili ɗin da ke tef ɗina, shi ne na jikin ƙwayar magani. Duk inda na ji mili, abu ɗaya aka raba dubu. Santi, an raba ɗari. Kilo kuwa dubu aka tara. Sunan da kansa yake faɗa maka lissafin, ba sai ka haddace inci sha biyu nan, ƙafa uku can ba.

Ta ɗora farce a kan tef ɗin. Ƙaramin layi ɗaya milimita. Goma su ne lamba ɗaya, santimita. Ɗari na wannan, mita. To 2400 ɗin da na ja tef har ƙarshe ina nema, yana zaune a kan 240 yana kallona tun ranar farko. Ba raba komai, ba biyu da rabi. Jan tef kawai da karantawa.

Bayanin da bai kai shan kofin shayi ba, shi na ƙi tambaya.

Da zan tafi ta ce min wani abu da ban yarda ba. Wai duk awon nan a ɗaure suke da juna: akwatin da cikinsa ya yi santimita goma ta kowane gefe, lita ɗaya yake ci, kuma ruwan kilo ɗaya ne. Na ce a'a, Hajiya, tsawo daban, ruwa daban. Ta yi dariya ta ce kai ne kafinta, je ka gwada.

Lahadi, 23 ga Maris

Na gwada. Na rufe ƙofar shagona tukuna, kada wani ya ga tsoho yana wasan yara.

Akwati biyu na haɗa da guntaye. Ɗaya da lissafin mai walda, inci huɗu ta kowane gefe. Ɗaya da gefen ƙasa na tef, layi ɗari cif, sai da na sa tabarau na fiƙe fensir sau ba adadi. Na toshe kusurwoyi da narkakken kyandir, na kawo gorar ruwa mai lita ɗaya.

Na inci huɗu ya shanye gorar duka, ruwa bai kai baki ba, da sauran wuri a fili. Na sake cika gorar na juye a ɗayan. Ɗigon ƙarshe ya tsaya daidai bakin katako, ruwan ya yi ɗan tudu yana rawa, bai zuba ba. Na ari sikelin mai kayan miya na kan kwana, na auna akwatin da ruwa, na auna shi babu ruwa. Kilo ɗaya.

Na daɗe zaune ina kallonsa. Abin ya burge ni, kuma haushin burge ni da ya yi ya fi komai. Uwar yara ta ƙwanƙwasa ta ce me kake yi a rufe, na ce aiki.

Talata, 25 ga Maris

Na rage kantar, ina sake ƙofofi. Kowane yanka sai na auna sau biyu, hannuna na son komawa gefen sama kamar harshe da haƙori mai ciwo. Aikin yini ɗaya yana cin min biyu.

Ni da Auta muna gaisawa, muna maganar wuta da ruwa da ciwon ƙafar uwarta. Ta rame. Da na ɗago ido sai ta sunkuyar da nata, kamar ita ce ta yi abin kunyar.

Laraba, 26 ga Maris

Na sa rigata mai kyau na je ofishinsu ba tare da ta sani ba. Na zaɓi lokacin da suke fita cin abinci. A hanya na shirya magana tsaf, da na zauna gaban shugaban duk ta watse. Na fara da cewa yarinyar nan ba ta kira ni ba, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Baba, 2438 ƙafa takwas ne. Tun a shagon na sani."

Ya ce kuskuren kafinta ba sabon abu ba ne a wurinsa, da katako ake gyara shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wadda ya aika ta zama idonsa ta dube shi ta faɗi abin da ba haka ba don ta rufa wa mai aiki asiri. Yau kanta ce, gobe in rufin bene ne fa? Na ce ba mai aiki ta rufa wa ba, ubanta ne. Ya ce shi ya sa.

Na roƙe shi. Ni da ban taɓa roƙon mai ba da aiki ba, na cire hula na riƙe a hannu na roƙi yaron da na girme wa nesa ba kusa ba. Na ce a hukunta ni, a bar ta. Ya rako ni har bakin ƙofa da ladabi, ya ce zai duba. Ban san ko gyarawa na yi ko ƙara ɓatawa ba.

A matakala na hango ta tana dawowa da abokan aikinta. Na juya na bi ta ƙofar baya kamar ɓarawo.

Juma'a, 28 ga Maris

Kantar ta shiga gurbinta, gilasai sun zauna. Wani saurayi ofishin ya turo ya duba, ba Auta ba. Mai shagon ta ce yaya akwatin, na ce ya cika. Iyakar abin da na ce ke nan.

Talata, 1 ga Afrilu

Sun riƙe ta. Alhamdu lillahi.

Amma sun ƙara mata watannin gwaji, kuma sauran aikin shagon, tebur da ɗakin ajiya, an ba wani kafinta. Sharaɗi ne, ba za a sake haɗa ta aiki da ni ba. Ita ta zo faɗa min, ta tsaya bakin ƙofa tana murɗa igiyar jakarta, ta fara da Baba dama, ta kasa ƙarasawa. Na ce mata ai ni ma ayyuka sun yi min yawa a watan nan, ko an ba ni ba zan iya ba. Babu ko kujera ɗaya da ke jirana. Ta ce to, Baba. Mu biyu mun iya ƙarya, ban san a wurin wa ta gada ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ta kawo wata takarda, wai ɗan teburin karatu take so a ɗakinta, in na samu sarari. Na san don kada in zauna haka ne. Na karɓa na ajiye, sai da ta fita na buɗe.

900, 500, 750, da tawada. A ƙarƙashin kowace lamba kuma, da fensir, ƙanana ƙanana yadda ba za su yi ihu ba, ta rubuta min incinsa. Talatin da biyar da digo kaza. Ta zauna ta lissafa wa ubanta ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya faru a shagon magani bai ƙona ni kamar wannan fensirin ba. Na kife takardar, na fita na zaga unguwa ba inda za ni.

Asabar, 12 ga Afrilu

Tebur ya kammalu. Ba wani abin a zo a gani ba ne, tebur ne.

Ta zo ɗauka da la'asar. Takardarta na kan benci inda na bar ta a buɗe, na goge fensirin tun ranar Litinin, har takardar ta ɗan huje a wuri ɗaya. Ta gani. Ta tsaya a kanta jim, ta shafa wurin da yatsa, sannan ta juya ta fara yabon ƙafafun teburin, ta kama gefe za ta ɗaga.

Na ce, "Ajiye. Ina tef ɗinki?"

Ta ce ai ba sai an auna ba.

"Auna, Injiniya. Kowa aka ba ki ki duba aikinsa, ki auna. Har ni."

Ta ciro shi, ta maƙala a gefe ta ja. Ta daɗe sunkuye fiye da yadda karanta lamba ke bukata. Na ce nawa, ta ce ɗari tara, Baba. Na ce faɗin fa. Ta auna shi ma, da tsayin, tana faɗa ina cewa to.

Ba wai na bar inci ba ne, mai katako har gobe da ƙafa zai sayar min. Layukan nan kuma suna sa min ciwon ido. Mun ɗauki teburin tare, ita a gaba ni a baya, a ƙofar ɗakinta ta ce in karkata, na karkata.